Wosha uku a hagu, ɗaya a dama

Akwai motocin da ba a kama bonet ɗinsu ta gaba a ɗaga sama yadda muka saba. Nasu ta baya ake kamawa. Ka ɓalle sakata ɗaya a gefen hagu, ka zagaya ka ɓalle ta dama, ka sa hannu ƙarƙashin leɓen murfin kusa da gilas ka ɗaga, sai gaban motar dukkansa ya tafi ya kifa, da murfin inji da kumatun da ke rufe taya da fitilu, domin duk zubi ɗaya ne. Ranar da na fara gani, raƙumi na tuna, lokacin da ya kai gwiwoyin gaba ƙasa bayansa na sama. Inji ya fito fili, ba abin da ya tare shi, har kana iya zama a kan taya kamar kujera ka canza fulogi. Buɗewar ke nan, kuma ba ta da wuya. Rufewar ce ta cinye mana wata uku.

A 1996 ne, ina karatu a Coventry, ina haya a wata unguwar ma'aikata. Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne da ya yi shekara ashirin da ɗoriya a masana'antar Triumph da ke Canley, a sashen da ake ɗora ƙofofi da murafai a kan bodi, har zuwa 1980 da aka daina haɗa mota a can. Bakina ya kasa kiran wanda ya isa ya haife ni da sunansa gatsal, ko da yake haka al'adarsu take, sai na riƙa ce masa Baba. Da farko dariya abin ya ba shi, daga baya har matarsa ta ɗauka. Abin da ya haɗa mu kuwa bukatar hannu na biyu ce. Hancin mota irin wannan mutum ɗaya ba ya saita shi. Dole wani ya riƙe can kai kana ɗaure nan. Ni kuma na yi hutun makaranta da yawa a Panteka ta Kaduna wurin kawuna mai bugun bodi. Da ya ga yadda na riƙe guduma, bai ƙara tambayata komai ba.

Motar da yake haɗawa irin wadda ake sayen jikinta a akwati ce, mutum ya haɗa da kansa a garejin bayan gida. Mu ma mun san haɗa mota daga akwati: 504 ɗin da ta cika titunanmu, tun 1975 a Kakuri aka riƙa haɗa ta da sassan da ake kawowa daga Faransa. Amma can masana'anta ce, da layi da ma'aunai da injiniyoyi. Nan kuwa mutum ɗaya ne da ƙwan lantarki ɗaya da butar shayi. Asalin abin a Ingila haraji ne. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya sayi sabuwar mota sai ya biya harajin saye mai nauyi, wanda kuwa ya sayi sassa ya haɗa da hannunsa ya tsira. Ta wannan kafa Colin Chapman ya riƙa sayar da Lotus Seven tun 1957. A Afrilun 1973 aka kawo harajin VAT, kafar ta toshe, a shekarar kuma Lotus ta sallama wa Caterham motar, har yau tana hannunsu. Da haraji kaɗai ne dalili, da a nan sana'ar ta mutu. Sai ta koma hannun talaka: ka sayi tsohuwar mota da tsatsa ta cinye jikinta amma inji da giya lafiya lau, ka yar da jikin, ka ɗora sabo na faiba. A wancan lokacin, kowace shekara a watan Mayu, a filin baje koli na Stoneleigh, 'yar tafiya kaɗan daga Coventry, sai ka ga irin waɗannan motoci jere a kan ciyawa iya ganinka, kowace da mai ita tsaye a gefe yana jiran wanda zai yi kuskuren tambayarsa.

Uwar motar Baba Triumph Herald 13/60 ce, mai inji cc 1296. Herald ta fito a 1959, zanen Giovanni Michelotti ɗan Italiya, aka daina ta a 1971. A lokacin da sauran kamfanoni suka koma ƙera mota jiki da ƙashi a haɗe, ita a tsohon yayi aka yi ta, shasi daban, bodi daban, noti ke riƙe su. Ba son tsohon yayi ya sa ba. Kamfanin da ke buga musu bodi, Fisher and Ludlow, ya faɗa hannun abokan gasarsu na BMC, sai suka tsara motar da za a buga guntu-guntu a wurare daban-daban a zo a ɗaure. Abin da tilas ta sa shi ya zama arzikin masu haɗa mota a gida: ka kwance notuna, ka ɗage bodi, ga shasi da inji da ƙafafu a tsaye suna jiran sabuwar riga. Herald da ƙanwarta Spitfire duk gaba hancinsu yake kifawa, don haka mazaunin hinji na nan a gaban shasi, sabon hanci kawai za a ɗaura. Wannan "kawai" ɗin a takardar talla take zaune, ba ta taɓa shiga gareji ba.

Hancin ya zo daga wani ɗan kamfani da ba sai na kama sunansa ba. Mutum uku ne ko huɗu a wata rumfa, kuma sun daɗe da rufewa. Faiba ba ƙarfe ba ce. Zaren gilas ake shimfiɗawa a cikin mazubi, a jiƙa shi da wani ruwa mai kama da ƙaro, a bari ya daskare, a ɓamɓaro. Shi kansa mazubin daga jikin wani samfuri aka kwafo shi, wanda wani ya sassaƙa da katako da filasta, ya ja da baya ya duba ya ce ya yi. Saboda haka hagu da dama ba tagwaye ba ne, 'yan uwa ne dai. Ga shi kuma faiba ba ta gama zama da zarar an cire ta. In ta daɗe jingine da bango sai ta ɗauki siffar jinginar. Tamu ta yi shekara biyu a jingine kafin a gama shasi. Da muka ɗora ta ranar farko, leɓen baya ya manne da bodi a dama, a hagu kuwa yatsana ya shige har gaɓa ta biyu.

Ni da na taso cikin masu guduma, hannuna ya tafi neman abin bugu. A Panteka in ƙofa ta ƙi zama, ka sa katako ka danna, ka ɗan gasa da wuta, ka buga nan ka saki can. Ƙarfe yana jin magana. Baba ya riƙe mini wuyan hannu.

"Wannan ba ta jin duka," ya ce. "In ka buge ta tsagewa za ta yi, kuma ba yau za ka gani ba. Sai bayan an yi fenti."

Abu biyu take ji: ɗumi kaɗan-kaɗan da nauyi a kanta na kwanaki, ko kuma magagari. Na farkon ana iya warware shi.

Tsarin da ya bi, a lokacin na ɗauka tsufa ne kawai da rashin abin yi. Bai taɓa hancin ba sai da mota ta sauka daga jak ta tsaya a kan tayoyinta huɗu, iska daidai, inji a ciki, lagireto cike da ruwa, domin shasi a kan jak wani lanƙwaso yake yi, a ƙasa kuma wani. Daɓen garejin ma bai yarda da shi ba. Ya auna da tiyo mai ruwa irin na magina, ya sa fallen katako ƙarƙashin taya guda. Sannan ƙofofi. Ƙofa da bayan mota ake saita ta, hanci kuma da ƙofa. Wanda ya fara da hanci zai yi aiki biyu. Sannan ya ja zare daga tsakiyar baya zuwa tsakiyar gaba, ya rataya noti a igiya ya riƙa ɗiga alama a ƙasa da alli. Kwana huɗu muna wannan, ko noti ɗaya na hinji ba mu kwance ba.

Hinjin biyu ne, can gaba ƙarƙashin hanci, tsakaninsu kamar santimita 60. Daga su zuwa leɓen baya kuwa kamar mita ɗaya da rabi. Duk wahalar a nan take kwance. Ka matsa hinjin hagu gaba da milimita 2, abin da ido ba ya ma kamawa, bayan murfin zai goce gefe da milimita 5. Ka sa wosha ɗaya ƙarƙashinsa, kuncin wannan gefen ya tashi fiye da kaurin woshar, na wancan gefen ya sauka, leɓen baya ya canza yadda ya buɗe baki. Ramukan hinjin dogaye aka yi su don a iya matsawa gaba da baya. Tsayin baya kuma wasu robobi biyu masu tsini ke riƙe shi, suna faɗawa gurbinsu in an rufe, ana murɗa su sama ko ƙasa. Ga sakatu biyu, kowace da ƙarfin da take ja. Wuri shida ke nan da za a iya taɓawa, kuma babu ɗaya da ke tafiya shi kaɗai. Kamar rabon cefane ne a gidan mai mata huɗu: ka gyara wa wannan ɗaki, wancan ya tashi.

Dokarsa ita ce a taɓa abu ɗaya, a rufe, a duba, a rubuta. Yana liƙa tef ɗin takarda a gefen kowace tsaga ya rubuta awon da fensir. Kafin a saki noti sai an zagaye gindin hinji da fensir, don a san inda aka baro. Ma'auninsa kuwa ƙwandala biyu ce ta fam ɗaya-ɗaya, tsohuwar zagayayyar nan mai kauri, kowace milimita 3.15. Ya haɗa su ya zura a tsaga. In sun shige da 'yar gogayya, ta yi. In sun suɓuce sun faɗa ciki, sai an kifa hanci a nemo su, kuma wanda ya saki shi ke dafa shayi. Na dafa shayi da yawa. Notunan duk na inci ne, sifana 1/2 da 9/16, ni kuwa hannuna ya saba da goma da sha uku na Peugeot. Sai da na cinye kan noti biyu kafin na daina ɗauko na milimita.

A mako na biyar ya tafi wani uzuri ya bar ni a garejin. Na ga kusurwar baya ta dama tana gogar bodi, na ɗauki magagari na rage ta. Ta daina guga. Na share ƙurar, na zauna ina jiran yabo. Da ya dawo ya zagaya motar sau ɗaya, ya kifa hanci, ya murɗa robar hagu zagaye biyu, ya rufe. Ashe ba tsawo ne ya yi yawa ba, robar ce ta yi ƙasa ta karkato murfin. Kusurwar da na ci ta wage, ƙwandala uku suka shige ba gogayya. Garin gyaran gira. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya nuna mini yadda ake mayar da leɓe: a fere gefen a kaikaice, a shimfiɗa zaren gilas falle bisa falle ta ciki, a bari ya kwana, a goge da samfefa a kan katako. Kwana uku hannayena suna ƙaiƙayi kamar na wuni a masussuka.

Ƙarshen wata na biyu muka kai inda ba a wucewa. In tsagar baya ta daidaita hagu da dama, tayar hagu ba ta zauna tsakiyar kuncinta ba. In tayoyi sun zauna, layin da ya taso daga ƙofa ya zo ya karye. Muka sake awo daga tushe, muka gano ƙahon shasi na hagu ya sunkuya da kamar milimita 3, tabon wani karo da aka yi watakila tun ina goye. Na ce to mu miƙe shi mana. Ya ce in mun miƙe shasi, hancin da aka zuba a karkace fa? Karkace biyu ne, sun hau juna, ɗaya ya ɗan rufa wa ɗaya asiri.

A ranar ya faɗa mini abin da ya sani, kuma sau ɗaya ya faɗa. Ya ce duk shekarunsa bai taɓa ganin ƙarfe ko faiba da ya zo daidai da zanensa ba. Mai ɗora ƙofa ba kawar da kuskure yake yi ba, raba shi yake yi: milimita ɗaya nan, ɗaya da rabi can, ragowar a tura shi ƙasa inda sai mai tsugunawa zai gani. Mutum ba ya ganin hagun mota da damanta lokaci ɗaya, sai ya zagaya, kafin ya zagaya kuma ido ya manta. Amma tsagar da ke gaban gilas, direba yana kallonta daga wannan ƙarshe zuwa wancan duk ranar da ya zauna. Don haka ita aka ba gaskiya, kumatun taya suka ɗauki bashin. Mutanenmu sun ce ido ba mudu ba ya san kima. Abin da ban sani ba sai a garejin nan shi ne idon yana da wuraren da yake mantuwa, kuma gwani a can yake ajiye kayansa. Aka tsaya a wosha uku a hagu, ɗaya a dama.

Sauran aikin kwana biyu ne. Muka bar wa wayoyin fitila rara don kada su tsinke in an kifa, muka ja musu wayar ƙasa tasu tunda wutar lantarki ba ta bin jikin faiba, muka ɗaura igiyar ƙarfe mai tare hancin kafin ya sumbaci kwalta. Saitin fitila shi ne na ƙarshe, domin duk inda hanci ya kalla nan haske zai bi.

Wannan duniyar ba ta ɓace ba, amma ta rame. A shekarar da muke aikin nan ne littafin Ron Champion ya fito yana cewa da fam 250 mutum zai ƙera motar gudu daga tsohuwar Ford Escort, garejoji suka cika da tartsatsin walda. A 1998 gwamnati ta kawo gwajin SVA, a 2009 ta maye shi da IVA: mai duba mota ya bi jikin motarka da ma'auni, duk gefen da ke waje wanda lanƙwasarsa ba ta kai milimita 2.5 ba ya mayar da kai gida. Ba na cikin masu kuka da wannan doka. Na ga motoci kafin zuwanta waɗanda ba zan sa ɗana a ciki ba ko da a tsaye suke. Abin da ya fi doka yi wa sana'ar illa shi ne ƙarewar iyaye. Herald da ake saya da kuɗin keke ta zama kayan tarihi, yanka ta yau kamar yanka saniyar tatsa ne. Escort ta ƙare, Sierra da aka daina a 1993 ta bi ta, shirin 2009 na rangwamen fam 2,000 ga wanda ya kai tsohuwar motarsa a niƙe ya kwashe wasu, aka koma kan Mazda MX-5. Injin motar yau kuwa ba ya tashi sai kwamfutarsa ta gaisa da makulli. Ba a ciro shi da sifana kaɗai a ɗora wani wuri.

Kayan da ake sayarwa yanzu sun fi namu, wannan ba gardama. A kwamfuta ake zana su, leza ke yanka ƙarfen, ramuka sun zo a huje. Abin da ya canza a cikin mutane ne. Wanda ya taso da kayan da ke faɗawa gurbinsu, in abu ya ƙi shiga sai ya ɗauka an yi kuskure, ya tafi neman mai laifi. Mu kuwa mun ɗauka haka kaya suke zuwa, kuma daga nan aiki yake farawa.

Baba ya rasu a 2018, ni kuma na daɗe da barin Coventry. A 2022 jikansa ya tsinci lambata a littafin kakan ya kira ni, da sunana gatsal, wanda har yau kunnena bai saba ba. Motar ta zama tasa. Ya kwance ta ya wanke, ya yi wa shasi fenti, ya sa sababbin notuna marasa tsatsa, ya cire igiyar ƙarfen ya sa sandunan gas irin na but ɗin motar zamani. Hanci ya ƙi zama. Yaro ne mai ilimi, injiniya ne ma, ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Yana da fitilar leza mai jan layi a bango, ya kuma buga wa kansa 'yan robobin awo da injin nan mai fitar da abu da jikinsa, kowanne milimita 6 cif. Ya ce ya auna sau uku, hinji biyu daidai suke, bai san me ya rage ba.

Na tambaye shi wosha nawa ya tarar da ya kwance.

"Uku a hagu, ɗaya a dama," ya ce. "Ina jin kaka mantuwa ya yi. Na gyara, na sa bibbiyu."

Na kama hanya na je, muka kifa hancin. Zagayen fensir na gindin hinji ya tafi ƙarƙashin sabon fenti, amma a cikin murfin, a kan ɗanyar faibar da ba wanda ya taɓa, guntun tef ɗin nan yana nan ya yi ruwan ƙasa, da 3 da 1 a rubutun Baba. Can kusurwar dama kuma ga facina, launinsa daban, ya yi tudu. Na nuna wa yaron na ce wannan aikina ne, kada ya ɗora wa kakansa.

Muka fara cire sandunan gas, domin ko an rufe turi suke yi, kuma sun riga sun ɗan ɗaga kafaɗun murfin. Muka mayar da wosha ɗaya daga dama zuwa hagu. Na ce ya kawo fam biyu. Ba ya riƙe kuɗi, da waya yake biyan komai. Mahaifiyarsa ta lalubo biyu a jaka, sababbin nan masu gefe goma sha biyu da suka fito a 2017, kowace milimita 2.8, suka yi lako-lako a tsagar. Sai ya tuna da wani gwangwanin taba a ƙasan akwatin kayan aiki, wanda ya sha gani bai san dalilinsa ba. Ƙwandala biyu ne a ciki, tsofaffi, gefensu ya side.

A dama suka shige da 'yar gogayya. Na zagaya hagu na zura, suka suɓuce, na ji ƙararsu a kan shasi sannan a daɓe. Shekara ashirin da shida faibar ma ta ƙara zama. Na ce ya kifa hancin ya nemo su, ya kuma samo tef da fensir, ni zan shiga in ɗora buta.